Malamin Safe Da Malamin Yamma

Kwanan baya wani dattijo, falke mai fataucin albasa tsakanin Aliero da ƙasashen Kudu, ya yi sallama da mu a ofis. Bayan an gaisa sai ya ce buƙata ce ta kawo shi. Ɗansa na so ya zama lauya, shi kuwa ya ji an ce lauyoyi da harshen Latin su ke zance a gaban alƙali, saboda haka yana so a taimake shi a samo malamin da zai riƙa zuwa gida yana koya wa yaron Latin da yamma, ko nawa ne zai biya. Muka tambayi ajin yaron, ya ce aji biyu na babbar sakandare. Muka sa aka kira shi, muka ba shi takarda da alƙalami, muka ce ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa ta layi goma da Turanci. Yaron mai ladabi ne, kuma da gani yana da ƙwaƙwalwa, amma har aka kira sallar azahar bai cika layi huɗu ba, su ma huɗun sai da muka yi ta lalube kafin mu gane abin da ya ke nufi. Da muka bincika, ashe shekara biyu ke nan uban yana biya masa kuɗin lesin.

Wannan al'amari ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi na Jega da Aliero da Maiyama, da sauran 'yan'uwansu duka, a kan wannan karatu na biya da a ke yi wa yara bayan an tashi makaranta, wanda kowa ya sani da sunan lesin. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, lesin ba haram ba ne, kuma doka ba za ta iya kashe shi ba, amma in ba a yi masa linzami ba, zai cinye ajin safe, ya mai da ilmin da Gwamnati ta ce kyauta ne ya koma hajar kasuwa.

Abin Da Latin Ya Koya Mana

Kada a yi wa dattijon nan dariya, domin maganarsa tana da tushe. Latin harshen mutanen Rum ne na dā, kuma daga gare shi Faransanci da Italiyanci da harsunan Sifen da Fotugal suka fito. Shekaru ɗaruruwa shi ne harshen ilmi a Turai, kamar yadda Larabci ya ke a wurinmu. Da shi Isaac Newton ya rubuta babban littafinsa na 1687, da shi kuma Linnaeus ya tsara sunayen tsirrai a 1753, har ya zama albasar nan ta Aliero, a littafin kowane masanin tsirrai na duniya, Allium cepa a ke kiranta. Ko baƙaƙen bokon da mu ke rubuta wannan jarida da su na Rumawa ne. Akawun da ya rubuta ajanda ko memo, Latin ya rubuta bai sani ba. Watan Yuli da na Agusta sunayen manyan Rum ne guda biyu, Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba kuwa ma'anarsu bakwai da takwas da tara da goma, domin a tsohon lissafinsu daga Maris shekara ke farawa.

Amma ba wannan ne ya sa iyaye a Ingila suka riƙa ɗaukar wa 'ya'yansu malamin Latin ba. Dalilin shi ne an mai da shi ƙofa. Har zuwa 1960 jami'o'in Oxford da Cambridge ba su karɓar ɗalibi sai ya ci jarrabawar Latin, ko da lissafi ko kimiyya ya zo karantawa. Wanda ubansa ke da hali, ya shiga makarantar da a ke koyarwa, ko a ɗauko masa malami har gida. Ɗan talaka kuwa, kome hazaƙarsa, sai ya tsaya a waje yana leƙe.

Mu ma nan Nijeriya mun ɗanɗana irin wannan. Tun 1859 'yan mishan suka buɗe makarantar sakandare a Ikko inda a ke koyar da Latin, kuma da aka kafa Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948, har da sashen Latin da Girkanci a cikinta, yana nan kuwa har yau. A Arewa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, Kwalejin Katsina kuma sai a 1921. Sapara Williams ya zama lauya a 1879, Jihar Arewa kuwa ba ta sami ɗanta na fari a wannan aiki ba sai a 1955, watau Alhaji Abdulrazaƙ na Ilori. Shekara 76 ke nan tsakani. Ba mu ce Latin kaɗai ya jawo wannan ba, ƙarancin makarantun sakandare shi ne babban dalili. Abin lura dai shi ne, duk fannin da aka mai da shi ƙofa, wanda ya riga samun malaminsa shi ke riga shiga, ya kuma riƙe wa 'ya'yansa wuri.

Yau ba a neman Latin kafin a shiga karatun lauya ko na likita a jami'o'inmu. 'Yan kalmomin da lauya ke buƙata a cikin karatunsa zai tsince su. Amma ƙofar ba ta tafi ba, suna kawai ta sake. Latin ɗinmu na yau shi ne Turanci da Lissafi. Yaron da bai sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ba, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, ba shi da hanyar jami'a. Bayan wannan ga jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta a ke yinta, alhali akwai yaranmu da yawa da ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai gab da ranar jarrabawa. A bakin wannan ƙofa ne kasuwar lesin ta ke ci.

Karatun Zaure Ba Baƙo Ba Ne

Masu cewa a hana lesin ɗungum sun manta da tarihinmu. Ƙasar Gwandu, wadda garuruwan nan uku ke cikinta, ba da aji da ƙararrawa ta sami malamanta ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafta malaman da ya yi karatu a wurinsu, da littafin da ya ɗauka a hannun kowane ɗaya, tun daga wansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wannan duk karatun zaure ne, almajiri ya durƙusa gaban malami shi kaɗai, ya biya, a fassara masa, a gyara masa, ba ya wuce shafi sai ya gane shi. Da irin wannan karatu ya kai har ya wallafa littattafai a nahawu da sarfu da tafsiri waɗanda a ke karantawa har yanzu. Haka nan a ke ɗaukar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da Ajurumiyya da Alfiyya, a zaurukan Jega har gobe. Ko ɗorin da Aliero ta yi suna da shi, ɗa a gefen ubansa ya ke koyo, hannu da hannu.

Saboda haka mun san amfanin malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, tun kafin Turawa su kawo mana aji. A ɗauki misali da aji mai yara 60, darasi kuma minti 40. Ko malamin bai yi bayanin kome ba, ya raba lokacin nan tsakaninsu, ba wanda zai sami minti ɗaya cikakke. Yaron da bai gane raba dogon lissafi ba tun yana firamare, ba ranar da za a koma a tsaya masa, haka zai yi ta jan ƙafa har aji shida na sakandare. Irin wannan yaro sa'a ɗaya da malami mai haƙuri ta fi masa mako guda a aji. Wanda ya ce wannan ba gaskiya ba ne bai taɓa riƙe alli ba.

Amma a dubi bambancin zaure da lesin. Malamin zaure ba ya yanka farashi, abin da aka kawo na sadaka shi ya ke karɓa, ɗan sarki da ɗan maƙeri a tabarma ɗaya su ke jiran layi. Kuma ba a taɓa jin malamin zaure ya rage karatu da safe domin ya sayar da shi da yamma ba. Nan ne cutar ta ke.

Inda Aka Ɓata

A yawon duba makarantu da mu ke yi mun ga abubuwa huɗu da ba za mu iya yin shiru a kansu ba. Ba mu ce duk malamai haka su ke ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu aiki cikin wahala. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na fari, akwai malamin da ke karɓar kuɗin lesin a hannun yaran ajinsa na safe. Wannan ko waliyyi ne ya sa kansa cikin jarraba, domin duk abin da ya koyar da kyau da safe, ya rage wa kansa ciniki da yamma. Mun taɓa shiga wani aji muka duba littattafan yara, muka tarar an tsallake babi biyu na Lissafi. Da muka tambaya, wata yarinya ta ce ai malam ya ce waɗannan a lesin a ke yinsu. Yara goma ke zuwa lesin ɗin, hamsin ba su zuwa. Hamsin ɗin nan an zalunce su, domin albashin da aka biya malamin na yara sittin ne. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Addininmu kuma ya yi hani mai tsanani a kan ɓoye ilmi.

Na biyu, lesin yana bin kuɗi da gari. Malamin Kimiyya mai kyau a cikin garin Jega ko Aliero za a same shi, inda masu biya su ke. Yaron Kimba ko Sabiyal ko Andarai, in ya tashi makaranta gona za shi. Da rani, sa'ad da 'yan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawa, a lokacin ne ɗan manomi ke fadama yana ban ruwa ko cirar albasa har faɗuwar rana. Shi da ɗan attajiri takarda ɗaya za a ba su a ɗakin jarrabawa, amma ba tsere ɗaya suka yi ba. A garin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin tushe ga kowa a 1999, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne. In ya zama sai wanda ya biya da yamma ke samun karatun gaske, to, kyautar ta zama ta baka kawai.

Na uku, 'yan mata su ne suka fi cutuwa. Uba mai mutunci ba zai bar budurwar 'yarsa ta fita bayan la'asar zuwa wani shago ta zauna har magariba ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. In kuɗin gida ba su isa kowa ba, namiji a ke biya wa. Ga shi kuwa muna kukan rashin likitoci mata da unguwarzoma da malamai mata a asibitocinmu da makarantunmu. Ga makarantar koyon aikin lafiya a Jega, ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, duk a ƙofar gida, amma yarinyar da ba ta ci Lissafi ba sai dai ta ga gininsu daga kan hanya.

Na huɗu, yawancin abin da a ke kira lesin ba koyarwa ba ne, haddar tambayoyin jarrabawar baya ne. A tara yara hamsin a ɗaki ɗaya, watau an sake gina ajin safen da aka gudu daga gare shi, sai dai wannan na kuɗi ne. A biya musu amsa su haddace, ba su san dalilinta ba. Daga nan zuwa sayen amsa a ranar jarrabawa taki ɗaya ne. Yaron da muka ba labarinsa a farko irin wannan lesin aka yi shekara biyu ana biya masa. Uban ya yi hasarar kuɗi, yaron ya yi hasarar shekaru, wadda ta fi ta kuɗi ciwo.

Hani Ba Magani Ba Ne

Wani zai ce a kafa doka a hana kawai. An gwada a wasu ƙasashe. Koriya ta Kudu ta hana karatun biya a 1980. Abin bai mutu ba, ɓuya ya yi, ya kuma ƙara tsada, domin malamin da ke tsoron kamu sai ya ɗora kuɗin tsoronsa a kan lada, masu hali kaɗai suka iya biya. A 2000 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke hanin. Ƙasar Sin ma a watan Yuli na 2021 ta hana kamfanoni cin riba da koyar da darussan makaranta bayan an tashi, nan ma wasu malamai suka koma koyarwa a ɓoye cikin gidaje. Wani masani, Mark Bray, a littafin da ya rubuta a 1999, ya kira wannan harka ilmin inuwa, domin duk inda makaranta ta juya, nan ta ke juyawa. Sunan ya dace. Ba a korar inuwa da sanda, sai dai a gyara abin da ya yi ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon da ya tsage kuwa shi ne ajin safe.

Kuma a yi wa malami adalci. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga iyali, ga haya, ga tsadar hatsi, in ya nemi halal da abin da ya iya bayan ya tashi aiki, bai yi laifi ba. Ya fi ya bar garin ko ya bar aikin. Kafinta na aikin gefe, malamin asibiti na yi, ba dalilin da za a ce malamin makaranta kaɗai ne zai ci alli ya ƙoshi.

Shawararmu

Ga abin da mu ke ganin zai yiwu tun daga wannan zango, ba sai an jira wata doka daga Birnin Kabi ko Abuja ba.

Kada malami ya karɓi ko kwabo a hannun yaron da ya ke koya wa da safe. In yana son yin lesin, ya yi wa yaran wani aji ko wata makaranta, kuma ya sanar da hedimasta a rubuce. Wannan ƙa'ida guda ita ce za ta raba halal da haram a cikin al'amarin, kuma malaman kirki su za su fi kowa murna da ita, domin ta wanke su daga zargi.

Hedimasta ya riƙa duba littafin aikin mako yana gwada shi da littattafan yara, ba da abin da malami ya rubuta kaɗai ba. Babin da manhaja ta ce a yi, a yi shi a aji, gaban kowa. Mu ma masu duba makarantu mun ɗauki laifinmu, mun fi yawan duba rajista da tsabtar fili bisa ga duba abin da ya shiga kan yaro.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta kowane gari ta buɗe ajin yamma na Turanci da Lissafi, a cikin makaranta, ƙofa a buɗe ga kowane yaro, a biya malamin daga asusu ɗaya. Jega tun ƙarni na 19 kasuwarta ta yi suna, fatake na zuwa daga nesa, albasar Aliero kuwa har ƙetaren iyakar Nijeriya a ke kai ta. Garuruwan da ke loda manyan motoci kowane mako ba za su kasa ɗaukar nauyin malamai biyu ko uku ba. Abin da falke ɗaya ke kashe wa ɗansa shi kaɗai, in an haɗa da na 'yan'uwansa, ya isa unguwa guda. A ƙauyuka kuma a sa lokacin ya dace da aikin gona, ko da bayan sallar isha'i ne, in an sami fitila.

Ɗaliban jami'ar Aliero, musamman 'yan asalin ƙasar nan, su tuna da ƙannensu. Sa'a biyu a mako ba za ta rage musu kome ba, kuma wanda ya koyar da abu shi ke daɗa gane shi.

A yi wa 'yan mata nasu ajin dabam, malama mace ta koya musu, a cikin gida ko a makaranta kafin la'asar. Wannan ma ba bidi'a ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta shirya jajis suna kai wa mata karatu har ƙauyukansu, tun ba a san boko a ƙasar nan ba.

Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, ku ne magadan akawunan En'e tun gyaran 1976, kuma albashin malaman firamare daga kason hukumominku ya ke fita. Takardar albashi ko ta ƙarin girma da ta kwana a kan teburinku ba dalili, wani malami ne kuka tura neman kuɗin yamma. Wanda ya gaggauta fayil ɗin malami, ya yi wa yara sittin aiki bai sani ba.

Iyaye kuma, kafin ku biya, ku gwada. Ba sai kun iya Turanci ba. Ku sa yaro ya karanta muku wasiƙa ya fassara, ku sa ya lissafta muku kuɗin buhu arba'in har da ladan dillali da kuɗin mota. In bayan wata uku bai ƙaru ba, ku riƙe kuɗinku.

Dattijon da ya zo neman Latin kuwa, mun ce masa ya samo wa yaron malamin da zai zauna da shi su biyu, ya mai da shi baya ya kama karatun Turanci daga tushe, ya riƙa sa shi rubuta shafi guda kullum yana gyara masa. Mun kuma ce kada ya cire shi daga zauren da ya ke ɗaukar Ajurumiyya, domin horon da Turawa ke nema a nahawun Latin, watau sanin aikin kowace kalma a cikin jimla, yana nan a nahawun Larabci. In yaron ya shiga jami'a, ya ga har yanzu yana sha'awar Latin, hanyar Badun a buɗe ta ke, kuma za mu yi murna a ce ɗan ƙasar Gwandu ya haɗa harshen Rum da na Larabawa a ƙirji ɗaya. Amma ba a fara gini daga rufi.

Allah ya ba malamanmu haƙuri da wadatar zuci, ya ba shugabanni ikon biyansu haƙƙinsu a kan kari, ya sa 'ya'yanmu, na mai shi da na maras shi, su sami rabonsu tun da safe. Amin.